Takardun Masu Maimaici

"Juya shafin," in ji Malam Safiyanu, muryar da ƙyar take fita.

Yahuza tela ya juya. Shi ko alif bai gane ba a cikin ƙugiyoyin nan da 'yan jami'a ke kira kalkulas, amma tun da ciwon ƙoda ya kumbura wa maƙwabcinsa hannuwa, shi ke riƙe masa takarda da jan biro. Malam ya duba ya faɗi maki, Yahuza ya rubuta. Sati biyu ke nan shagonsa na bakin kasuwar Makarfi yana rufe.

Shekara goma sha tara Malam yana koya wa 'yan aji ɗaya lissafin nan a Zariya. Shi ke tsara darasi, shi ke fitar da jarrabawa, shi ke duba takardun ɗalibai ɗari huɗu da ɗoriya, an bar masa kamar jakin gida. Ga shi da kafiya: ba ya kallon amsar ƙarshe sai ya bi aikin layi-layi. In yaro ya kamo hanya ya ɓace a ƙarshe, yana da rabonsa.

Ɗauri guda ya ware ƙarƙashin matashi, na masu maimaici su talatin da ɗaya, waɗanda in sun sake faɗuwa korarsu za a yi. Ya ce waɗannan sai ranar da ya ji ƙarfi, don rabin maki a wurinsu ba wasa ba ne. Yahuza ya yi magiya a fara da su, Malam ya ƙi. Ƙarfin bai zo ba. Ran Litinin da hantsi ya cika.

Ranar sadakar uku sai ga wani malami daga sashen su Malam a jami'a, mutumin da ko sau ɗaya bai leƙo jinya ba. Ya yi ta'aziyya a gurguje, ya nemi takardu, wai gobe ake rufe karɓar sakamako. Yahuza ya kawo, ya yi masa bayanin ɗaurin nan da yadda marigayi ya so a duba shi.

"Allah ya ji ƙan Malam," in ji mutumin. "Ai irin wannan duban ne ya ƙarasa shi."

Nan kan tabarmar makoki ya zaro takardar amsoshin jarrabawar, yana leƙa ƙarshen kowace tambaya yana jan biro. Kafin kunun da aka kawo masa ya huce ya gama. Yahuza na gefe yana ƙirgawa: huɗu suka tsira. Ya ji haushin baƙon, ya ji haushin mamacin ma, Allah ya yafe masa.

Takardar da ke sama ta wata Mukarrama ce, shafi shida cike da ƙananan rubutu gaba da baya, babu inda ja ya taɓa sai sifili a ƙasa. Mutumin ya ɗaure su da roba, ya jefa a bayan mota kusa da raken da ya saya a hanya.