Karan Gonar Malam Almu

Bana shanun Malam Gide ba su kwana a gonar Malam Almu ba. Sun iso bakin gonar da ke bayan Ruwan Godiya, a ƙaramar hukumar Faskari, bayan an cire masara an yanke dawa, suka tarar da ita fayau, babu ko kara ɗaya. Makiyayin ya tsaya ya duba, ya juya garkensa ya yi yamma. Wanda ya kwashe karan kuwa Yahuza ne, babban ɗan mai gonar.

Da damina wata ƙungiya ta tara matasa daga Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara don koya musu sana'o'in da ba sa ɓata muhalli. A garin Ƙanƙara aka yi horon. Wasu suka koyi renon itatuwa, wasu ginin murhu mai cin itace kaɗan. Yahuza ya faɗa ajin gawayi. Malama Baraka, mai koyar da su, ta nuna musu yadda ake ƙona kara cikin rufaffiyar ganga, a daka, a kwaɓa da kokon rogo, a matse a bututun ƙarfe, a shanya.

"Ba sai kun sare itace ba," in ji ta. "Abin da ya rage a gona bayan girbi shara ne. Shi za ku tattara."

Yahuza ya koma gida da ganga da wannan magana. Da aka gama girbi, mahaifinsa ya tafi ta'aziyya Ketare, shi kuma ya ɗauko amalanke ya share gonar tas.

Ba wai bai san al'adar ba. Tun zamanin kakansa, shanun gidan su Gide ke sauka a gonar da kaka ta yi, su ci kara, su bar taki. Amma tun da tsaro ya lalace, manoman garin suka riƙa banka wa karansu wuta da zarar sun kai amfani gida, don kada wani makiyayi ya matso. Kowa ya san ma'anar gonar da aka share. Malam Almu kaɗai ke barin nasa. Yahuza ya ɗauka bana ba za su zo ba, tunda bara ma a makare suka iso.

Malam Almu ya dawo, aka ba shi labari tun a bakin masallaci. Ya sami ɗansa a bayan gida yana jera gawayi a tabarma.

"Ina karana?"

"Ga shi nan, Baba. Mai shayi ya ce ya fi na itace daɗewa."

"Mai shayi zai zuba mani taki?" Tsohon ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya juya, ya ajiye. "Ka san abin da ka gaya ma Gide?"

"Ban ko gan shi ba."

"Gonar ta gaya mashi. Mutumin da ya aiko a ɓoye ya ce kada mu bi hanyar Sabuwa ranar da aka tare ta, yau ni ne na kore shi."

Ranar kasuwa Yahuza ya je ya nemo Malam Gide. Ya same shi a gindin wata bedi, shi kaɗai, mutane na ratsewa nesa da shi. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baffa, ni na kwashe karan. Baba bai sani ba. Gawayi aka koya mana."

"Gawayi?" Gide ya yi 'yar dariya. "Kai ɗan Kaɗo, da ka tambaye ni, da na gaya maka saniya ba ta cin gawayi."

"Akwai sauran harawa a rumbu. Baba ya ce ku zo."

Gide ya gyara riƙon sandarsa, ya ce:

"Ni na yarda da kai. Na san ka tun ba ka da wando. Amma yarana sun tsaya a bakin gonar nan sun gani da idonsu. Tuni suke cewa mu tashi mu yi kudu, ni ke hana su. Kullum sai in ce akwai Malam Almu. Ran nan babban ya tambaye ni, ina Malam Almun?"

"Ni zan je in yi masu bayani."

"Kada ka zo rugar. Ba lokacinsa ba ne. Zan yi masu magana, abin da suka ce ka ji."

Gawayin ya karɓu. Masu shayi da masu tsire suna aikowa, wata mai abinci ma ta ce a riƙa kai mata duk mako. Maƙwabta uku sun tare Yahuza sun ce ya zo ya kwashe karan gonakinsu kyauta, ya hutar da su ƙonawa. Ya san dalilinsu, ya ce zai yi shawara. Gangar tana bayan gida a kife.

Kasuwa ta sake ci Malam Gide bai zo ba. Larai, mai kawo nono daga rugar, ta ce an fara ɗaure kaya a wasu bukkoki, amma ta tsohon tana tsaye. Ba ta san ko zai bi 'ya'yansa ba.