Renon Babban Yatsa

A wani ƙauye da ke gefen Ɗansoshiya, cikin ƙasar Kiru, akwai wani dattijo mai tufkar igiya, Malam Sale. Shi ne mutumin da ya naɗe babban yatsansa na dama da tsumma alhali ko ƙaya ba ta soke shi ba.

Ga yadda abin ya faro. Tun yana saurayi rama yake murzawa. Igiyar guga, igiyar jaki, igiyar da makiyayan kudu da gari ke ɗaure 'yan maruƙa, duk daga hannunsa suke fitowa. A hankali rama ta cinye zanen yatsansa, cikin yatsan ya koma sumul kamar bayan ƙwai. Shi bai ma lura ba sai a zaɓen da ya wuce, da ya ɗora yatsan a kan na'urar ma'aikatan zaɓe, na'ura ta yi shiru. Aka goge, aka sake, ta ƙi. Ya koma gida da katinsa a aljihu, yana jin kamar an ce masa babu shi a garin.

Saboda haka da aka fara maganar zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa, sai ya rataye ramarsa a rumbu. Wani mai gyaran takalmi a kasuwar Kiru ya gaya masa cewa zanen yatsa kamar ciyawa yake, in an daina taka shi zai tsiro. Kullum da safe Malam Sale ya shafa wa yatsan man shanu, ya naɗe shi, ya ɗaga shi sama kamar mai riƙe da kyandir.

Matarsa Kaltume ta dube shi ta ce, "Malam, ni na yi renon 'ya'ya, na yi renon jikoki, amma renon yatsa yau na fara gani. In ya yi wayo sai mu yanka masa rago."

"Yi dariyarki," in ji shi. "Wannan karon sai an ƙidaya ni."

Da yake hannu ba ya aiki, sai ya sami kansa a majalisar gindin ɗorawa da ke kusa da rijiyar masallaci, inda a da sallama kawai yake yi ya wuce. A nan ya tarar da cewa gari ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare nasa ne. Ɗaya ɓangaren ƙanensa Dikko ke jagoranta, ɗayan kuma amininsa tun suna kiwon awaki, Sha'aibu mai shayi.

A da duk jam'iyyarsu ɗaya, mai alamar fitila. Sai ɗan majalisar tarayya na yankin, wanda ya gina musu kwalbatin da ke kan hanyar kasuwa, ya rasa tikitin takara, ya koma jam'iyya mai alamar tsani. Dikko ya bi shi. Sha'aibu ya tsaya.

"Yaya, ka ji fa," in ji Dikko wata rana da hantsi. "Mutum ake zaɓa, ba zane ba. Fitila ce ta zo ta gina kwalbati? Inda mutumin kirki ya sa ƙafa, nan ne jam'iyya. Mu dangwala wa tsani daga sama har ƙasa."

Sha'aibu ya ajiye buta ya ce, "To in gobe ya koma jam'iyyar kura fa, ka bi shi? Jam'iyya alkawari ce. Mun ce taki ya iso hannun manomi, mun ce ɗan talaka ya yi karatu. Mutum yana mutuwa, yana canza ra'ayi, alkawari yana nan."

"Wane alkawari? Wanda kuka tsayar yanzu ba shi ne kake zagi da lasifika a zaɓen da ya wuce ba? Har ka ce ko akuya aka tsayar ta fi shi."

"Ya tuba."

"Tuba ko tikiti?"

Majalisa ta fashe da dariya. Malam Sale bai yi dariya ba. Yana kallon tsumman da ke yatsansa yana tunani. Duk zatonsa matsalarsa na'ura ce. Ashe ko zanen ya dawo, akwai sauran tambaya: wa zai ba?

Ya ce, "Sha'aibu, ni ban yi nisa a boko ba. Wannan alkawarin na jam'iyya, in shugaba ya karya shi, wa ke tare shi?"

"Majalisa mana."

"Su 'yan majalisar ba yaransa ba ne, in daga sama har ƙasa aka yi?"

Sha'aibu ya sosa ƙeya ya ce ai akwai tsoron Allah. Malam Sale ya juya ga ƙanensa.

"Kai kuma, Dikko, mai kwalbatinka na san shi, na ci tuwo da shi a wurin suna. Amma wanda tsani ta tsayar shugaban ƙasa, me ya ce zai yi?"

"Yaya, ai tunda maigida ya yarda da shi, shi ke nan."

"Wato kai ma ba ka sani ba."

Daga ranar kowa ya fara zawarcin yatsan. Dikko ya kawo sabon ƙyalle ruwan ɗorawa, launin tsani, wai a canza tsohon tsumman. Sha'aibu ya aiko da shuɗi, launin fitila. Malam Sale ya ba Kaltume duka biyun, ta yi tsumman sauke tukunya da su. Da yamma yakan kwance yatsan a bayan ɗaki ya kara shi da hasken rana. Wani zane siriri ya fara fitowa, kamar sawun tururuwa a kan rairayi. Yakan daɗe yana kallonsa, yana mamakin yadda Allah ya yi wa kowane mutum nasa daban, har da mutanen da ba wanda ya taɓa tambayarsu ra'ayi.

Ana cikin makon zaɓe igiyar rijiyar masallaci ta tsinke, guga ya faɗa ciki. Tsohuwar igiya ce, tufkar Malam Sale. Aka ciro gugan da ƙugiya. Kafin azahar mutanen Dikko sun kawo sabuwar igiyar roba daga Kiru, ruwan ɗorawa. Mutanen Sha'aibu suka ce ba za su yi alwala da ruwan tsani ba, suka kwance ta, suka ɗaura shuɗiya. Aka kwance shuɗiyar. Har an fara ɗaga murya a ƙofar masallaci, mai unguwa ya fito ya ce kada a sake ɗaura igiyar jam'iyya a rijiyar nan. Aka nemi wadda ba ta da launi, aka rasa, domin duk wanda ya ce zai sayo sai a ce ai an san inda ya karkata. Rijiya ta zauna babu igiya, ruwa yana ƙyalli a ƙasa, mutane suna tafiya har fadama da jarkoki.

Washegari da safe Malam Sale ya ga Kaltume ta shigo da tulu a ka, tana jan ƙafarta mai ciwon gwiwa. Ta sauke, ta zauna a kan turmi tana haki. Ba ta yi masa ba'a ba ranar. Cewa kawai ta yi, "Ga ruwan alwalarka nan, ka yi tattali."

Ya kwance tsumman ya dubi sawun tururuwan nan nasa. Ya san rama, ya san abin da za ta yi masa. Sai ya miƙe ya shiga rumbu.

A gindin ɗorawa ya shimfiɗa buzu ya jiƙa rama. Dikko ya zo da gudu.

"Yaya! Me kake yi? Ƙuri'arka fa!"

"Na gan ta."

Sha'aibu ma ya ce, "Haba Sarkin Tufka, ka yi haƙuri a wuce zaɓe mana."

"Ku kuna iya haƙuri, tunda ba ku ne ke ɗaukar tulu ba."

Ya murza, ya murza. Hannu ya tuna aikinsa. Yana cikin tufkar ne wani abu ya faɗo masa a rai, abin da hannunsa ya sani tun tuni amma kansa bai taɓa tsayawa a kai ba. Igiya sili biyu ce. Kowane sili ana murza shi ta gefe ɗaya, sannan a haɗa su ta ɗaya gefen. Kowanne yana son ya warware, ɗan'uwansa ya hana shi. In aka murza su duka ta hanya ɗaya, da an saki sai su zube. Ya tsaya da tufkar yana kallon sama, har Sha'aibu ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ya ci gaba.

Kafin magariba guga ya koma rijiya da igiya mai launin rama. Yatsan kuwa ya koma bayan ƙwai, har ya fi da santsi.

Ranar zaɓe Kaltume ta ce, "Ka tashi mu je. In sun ƙi ka, ka raka ni." Ya sa farar rigarsa suka tafi makarantar firamare. Da layi ya zo kansa ya ɗora yatsa. Na'ura ta yi shiru. Ya ɗora na hagu, shiru. Ya ɗauki katinsa ya ce, "Ba komai, 'yata, na saba," ya juya.

Jami'ar da ke kula da rumfar, wata malamar makaranta mai suna Hasana, ta ce, "Baba, ina za ka? Ɗago fuskarka, gyara hular."

Ta ɗaga na'urar daidai idonsa. Na'ura ta yi ɗan ƙara.

"Ta gane ka. Yanzu in yatsa ya ƙi, fuska ake dubawa."

Malam Sale ya tsaya baki buɗe. Man shanun da ya ƙarar ya tuna. Kaltume da ke layin mata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Aka ba shi takardu uku. Ya shiga bayan labule ya daɗe, har na baya suka fara tari. A ta shugaban ƙasa ya dangwala wa fitila, domin aƙalla ya ji abin da suka ce za su yi, zai san abin da zai tuhume su da shi. A ta majalisar wakilai ya dangwala wa tsani, mai kwalbati, ya je ya zama ɗaya silin. A ta dattawa bai yarda da ko ɗaya daga cikin manyan ba, sai ya ba wata 'yar jam'iyya mai alamar kifi, wadda ya taɓa jin mutuminta a rediyo an yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Wannan amsar ta burge shi. Bai tabbata ya yi daidai ba, amma ya san shi ya yi.

Bayan la'asar aka zube akwatuna a gaban jama'a. Dikko ne wakilin tsani, Sha'aibu wakilin fitila. Malama Hasana tana ɗaga takarda ɗaya ɗaya kowa ya gani. Ana cikin ƙidayar ta shugaban ƙasa ta ɗago wata, a gefen fitila an yi dangwale baƙi ƙirin, kewayayye, babu zane ko ɗaya a ciki. Duk wanda ke wurin ya san yatsan. Aka waiwaya aka dubi Malam Sale.

Fuskar Dikko ta canza. Ya ce, "Malama, wannan ba yatsa ba ne, tawada ce ta ɗiga. Lalatacciya ce, a ware ta."

Malam Sale ya dubi ƙanensa. Ya zo har nan, kuma ɗan uwarsa ne zai fitar da shi.

Sha'aibu ya yi tsalle. "Wallahi ba a isa ba! Mutum ya zo, an tantance shi, ya nuna abin da yake so a fili. Laifinsa ne aiki ya cinye masa yatsa? Ƙuri'ar talaka ba a zubar da ita, wannan ita ce aƙidarmu!"

Malama Hasana ta duba ta ce alamar tana cikin gida ɗaya, ba ta tsallaka ba, ta ƙidaya. Sha'aibu ya dafa ƙirji yana kallon jama'a.

Aka zo akwatin majalisar wakilai. Can sai ga baƙin ƙwan nan ya sake fitowa, wannan karon a gefen tsani. Dikko ya sunkuyar da kai, bai iya cewa a ƙidaya ba. Sha'aibu ya buɗe baki, hannunsa har ya fara tashi. Ya dubi takardar, ya dubi amininsa. Mutane suna jira.

"Malam wakili, akwai magana?" in ji Malama Hasana.

Sha'aibu ya sauke hannu a hankali. "Babu. Ƙidaya ta. Abin da na faɗa ɗazu, shi na faɗa." Sannan ya juya ya ce, "Amma Sale, kai maci amana ne, kuma shayina ya fi ƙarfinka har sati."

Da ta kifi ta fito a akwatin dattawa, ita kaɗai tilo da kifi ya samu, har mai unguwa sai da ya yi dariya.

A hanyar gida Dikko ya biyo su a baya har suka iso rijiya. Nan ya ce, "Yaya, ka yafe ni. Raina ne ya ɓaci."

"Na ji. Ja mana ruwa, tawadar nan ta ƙi fita."

Dikko ya zura guga. Malam Sale ya tsuguna ya miƙa hannu, sai kuma ya janye shi. Ya dubi baƙin da ke kan yatsan ya ce a bar shi tukuna, a cika wa Kaltume tulunta.