Babi na Ashirin da Shida

Ranar Asabar, 1 ga Maris, 2025, na cika mako ashirin da shida ina karanta wa jikata Ilham littafi guda, babi ɗaya kowace Asabar bayan azahar, a gidana da ke Mitchellville. Littafin yana da babi arba'in da biyar. Wata Ba'amurkiya ce ta rubuta shi don nuna munin bauta, kuma wata jarida ta nan Washington ce ta fara buga shi kashi-kashi, daga Yunin 1851 zuwa Afrilun 1852. Ina duban Turancin, ina faɗa mata da Hausa. Ilham shekararta goma, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma wannan zama shi ne kaɗai wurin da take sauraron harshenmu na awa guda cur.

A cikin littafin akwai wata yarinya, 'yar mai bayi, wadda take karanta Littafi Mai Tsarki tare da wani bawan mahaifinta, dattijo mai tsoron Allah. Ilham ta ƙaunace ta ƙwarai. A babi na ashirin da shida yarinyar take rasuwa. Da na iso wurin, sai na dubi jikata, na rufe littafin a kan yatsana, na ce an kai yarinyar ƙauye ta sha iska, ta yi tafiya mai nisa. Shekara talatin da ɗaya na koyar da tarihi, ban taɓa sauya ko kwanan wata ɗaya ba. Ranar nan na sauya babi sukutum.

Asabar uku a jere Ilham ba ta zo ba. Mahaifinta, ɗana Haidar, ya ce ta samo gajeren bugu na yara a laburaren makarantarsu, ta karanta da kanta, ta kuma ce ba za ta ƙara zama da wanda yake ɓoye mata labari ba.

Na kai kukana ga maƙwabciyata Martha Dung, nas ce 'yar Jos, wadda Hausarta ta fi ta 'ya'yana. Na yi mata bayani cewa al'adar littattafan yara ce ta wancan zamani: yaro nagari yakan rasu da wuri, ya yi wa manya nasiha a kan gadonsa, su tuba. Na ce ban ga dalilin ɗora wa yarinya wannan nauyi ba.

"Baba, lacca kake mini ko shawara kake nema?" in ji ta. "Mu a makarantar Lahadi da irin waɗannan aka raine mu, ga ni ban lalace ba. Kai da kanka ka faɗa mini matar ta binne jaririnta kafin ta rubuta littafin."

Gaskiya ne. A 1849 kwalara ta ɗauke wa marubuciyar ɗa mai wata goma sha takwas, kuma daga nan ta gane abin da baiwa take ji idan an sayar da nata. Ta ɗauki salon da iyaye mata suka saba karanta wa 'ya'yansu, ta sa shi ya yi aikin da jawaban majalisa suka kasa. Na san wannan duka, na kuma koyar da shi.

Martha ta ƙara da cewa a ganinta ba littafin ne ya ɓata wa Ilham rai ba, in tuna abin da muka faɗa mata lokacin rasuwar Hajiya.

Matata Hajiya Safura ta rasu a 2019, Ilham tana da shekara huɗu. Muka bi abin da muka tarar iyayenmu suna yi, muka ce mata kakarta ta tafi Kano. Sai bayan shekara biyu ta ji gaskiya daga bakin wata yarinya a masallaci. Ba wanda ya zauna ya yi mata bayani, ni ma ban yi ba.

Ranar 29 ga Maris, ana gobe Sallah, na je gidan Haidar a College Park da littafin a hannu. Na tsokane ta yadda muka saba, na ce amarya ta yi yaji har mako uku. Ba ta yi dariya ba. Sai na zauna, na ce na yi mata ƙarya sau biyu, ɗaya a kan littafi, ɗaya a kan kakarta, kuma na zo in gyara duka biyun.

Na karanta babin ban tsallake layi ba: yadda yarinyar ta sa aka yanke gashinta ta raba wa bayin gidan, ta roƙe su su yi addu'a. Addu'ar ba irin tamu ba ce, kuma na bar ta yadda take. Ilham ta yi kuka, sa'an nan ta tambaya da Turanci ko uban ya 'yanta dattijon kamar yadda 'yarsa ta roƙa. Na ce ya yi alkawari, amma sauran yana gaba, kuma ba mai daɗi ba ne. Ta ce ta ji, a karanta duka.

Da na tashi tafiya, ta riƙe hannun rigata, ta ce da Hausa, tana laluben kalmomin ɗaya-ɗaya:

"Kaka, ka kai ni wurin Hajiya."

Da la'asar ɗin ranar Haidar ya tuƙa mu zuwa maƙabarta. Na koya mata sallamar da ake yi wa mamata, ta maimaita sau uku har ta iya. Asabar ta gaba ta dawo gidana, kuma mun kammala babi na arba'in da biyar ranar 9 ga Agusta.