Darar Murhu

Ni Sada, kafinta ne a Baure, kuma ko maƙiyina ya san hannuna bai taɓa yin aikin banza ba. Amma in ka tambaye ni abin da na fi alfahari da shi, wani ɗan allo mai kusurwa uku zan nuna maka.

Mu uku ne a majalisarmu ta gindin maina: ni, da Sama'ila tela, da Ya'u dillalin awaki. Tun muna samari muke dara bayan la'asar. Dokarta kowa ya sani, mutum biyu ke yi, wanda aka ci ya tashi. To shi Ya'u, Allah sarki, ko ɗumama wuri ba ya yi. Da ya jera 'ya'yansa an cinye shi, ya koma gefe yana kallo har magariba. Da can dariya yake yi. Amma tun da matarsa Hadiyya ta rasu, majalisar nan kaɗai ke fito da shi daga ɗaki. Sai ga shi ran nan ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Ni fa na gaji da zaman ɗan kallo. Ku ci gaba abinku."

Ashe da gaske yake. Muka daina ganinsa, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Sama'ila ya ce, "Mu riƙa bari yana cin mu mana."

Na ce, "Kai ma dai! Mutumin da ke gane akuya mai ciwo tun daga bakin kasuwa, shi za ka yi wa wannan? Ran da ya gane, ko gaisuwa ba za mu ƙara samu ba."

Na shiga shago na yanka katako kusurwa uku kamar duwatsun murhu, kowa da tasa kusurwar. Na fafe gurabe, na bar wani babba a tsakiya na sa masa suna rijiya. 'Ya'yan kuwa da wuƙa na sassaƙa su. Raƙumi yana tafiya mai nisa, har ya goya wani a bayansa. Bushiya ba a cin ta ta gaba, sai an zagayo. Jaki in ya taka sau ɗaya, zagaye na gaba ba ya motsi ko za a mutu. Kowa yana da tunkiya guda, wanda ya fara kai tasa rijiya shi ya ci. Mutum uku ke yi, babu mai tashi.

Na iske Ya'u a zaurensa na ce, "Malam Ya'u, na ƙirƙiro wata dara, kuma ba ta yiwuwa sai da mutum uku. In ba ka zo ba katakona ya tafi a banza."

Ya kalle ni ƙasa-ƙasa. "Don ni ka yi?"

"Kai a su wa? Don suna na yi."

Ya biyo ni yana gunaguni.

Da aka fara, ni da Sama'ila muka kama juna kamar yadda muka saba, muka ma manta da shi. Kafin mu ankara tumakinmu sun zo dab da rijiya, ga jakin Ya'u tsaye a bakinta ya tare hanya. In ya kawar da shi dama, Sama'ila ya shige. In hagu, ni.

Sama'ila ya sassauta murya. "Ya'u, aminina, tuna wa ya ɗinka maka rigar sallah."

Na ce, "Rabu da shi, hagu za ka yi. Ni fa na koya maka wasan."

Ya'u ya gyara zama, ya tura hula ƙeya. Na ga idonsa ya kawo haske irin na ranar kasuwar garin Babban Mutum. Ya dubi Sama'ila ya ce, "To, me za ka bar mini?" Ya juyo gare ni. "Kai fa? Ka ji abin da ya taya." Ya yi ta juya mu kamar masa a tanda. Sama'ila ya rantse ba zai taɓa masa bushiya ba, ni na saki raƙuminsa da ke bakina. Sai da ya karɓe duka, sannan ya ɗaga jakin nan ya ajiye shi dama.

An ci ni a darar da na ƙera da hannuna! Na tashi ina masifa, kuma ba wasa nake ba, raina ya ɓaci sosai. Ya'u kuwa dariya yake har yana dafa ƙasa, hawaye na zubo masa, irin dariyar da rabonmu da ji tun Hadiyya na da rai.

Aka kira magariba. Na kai hannu zan kwashe 'ya'yan, ya riga ni, ya zuba su a aljihu.

"Waɗannan a wurina za su kwana," in ji shi. "Ban yarda da ku ba, sai ku fara ban zo ba. Kuma gobe kar wanda ya makara."