Bencin Kurame

Shekara goma sha huɗu Tafinta ta yi tana tsayawa wuri ɗaya kowace Lahadi, a coci, gefen hagu na bagade, bayanta ga Fada mai jan ibada, fuskarta ga benci na farko. Kurame tara ne ke zama a bencin nan, kuma na bakin hanya ƙanenta ne, Auta, wanda zazzaɓi ya tafi da jinsa tun yana ɗan shekara uku. Saboda shi ta koyi maganar hannu. A hankali sunanta na baftisma ya ɓace a cocin, yaro da babba Tafinta suke ce mata.

Ba don gata aka ba su gaba ba. Kurma da ido yake jin Misa, dole kallo ɗaya ya haɗa masa hannun mai fassara da bagade. In Fada ya ɗaga gurasa ana kaɗa ƙararrawa don masu kunne su durƙusa, su kuwa kurame gani suke yi, har sukan riga kowa kai gwiwa ƙasa. Abu ne da ko mai sharar cocin ta sani, amma sai ga shi majalisar ikilisiya guda, da masu digirinta da masu tabaranta, ba ta sani ba.

Sabon Fada ya zo da zafinsa. Ya ce coci a tsakiyar birni bai kamata ya tsaya a bango huɗu ba, za a riƙa nuna Misa kai tsaye ta intanet, don marasa lafiya da matafiya da waɗanda aiki ya riƙe su samu bishara. Tafinta na cikin waɗanda suka tafa. Aka sayo kyamara. Ciyaman na majalisa, tsohon ma'aikacin ofis mai son a gan shi da fayil a hammata, ya taka da ƙafarsa har shagon Auta, don Auta kafinta ne, ya roƙi a yi wa kyamarar dandamali. Ita ce ma ta fassara awon, tsawo kaza, faɗi kaza. Auta ya ture aikin mutane gefe, ya yi kwana uku yana fama, ya goge katakon ya shafa masa fenti har yana ɗaukar ido, ya ce wannan na Allah ne. Ba wanda ya gaya musu inda za a ajiye shi.

Ranar Lahadi suka shigo suka tarar da dandamalin zaune daram a wurin bencinsu. Bencin kuwa an ja shi can baya, bayan ginshiƙin da ke ɗauke da benen mawaƙa, kusa da inda ake jingine tsintsiya.

Ciyaman ya taho yana murmushi. Ya ce an gwada jiya, an ga hannuwanta za su riƙa shiga hoto suna ɗauke hankalin masu kallo, shi ya sa. Sannan ya ƙara da abin da ya fi kyau ya haɗiye: “Tunda dai ba ji suke yi ba, ai gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsu.”

Auta ya taɓa kafaɗarta, ya tambaya da hannu, me ya ce? Ta iya tausasa maganar, ta sha yin haka a asibiti da kasuwa. Amma a ranar zuciyarta tafasa take yi, sai ta juye masa ita kaf, har da murmushin da ɗaga kafaɗar. Ta ga fuskar ƙanenta ta canza. Ya dubi dandamalin ya daɗe, sannan ya wuce baya, sauran takwas suka bi shi, ita ma ta je ta tsaya a gabansu.

Misar ranar ba ta da daɗin tunawa. In sun dube ta ba sa ganin bagade, in sun leƙa bagade ginshiƙi ya tare su, kuma abin takaici takardar da ke manne a jikinsa cewa take a kashe waya don kada a dame masu sauraro. Aka kaɗa ƙararrawa, jama'a suka durƙusa, kurame suka ga bayan mutane ya yi ƙasa sannan suka bi, ɗaya bayan ɗaya, a makare. Auta bai tashi karɓar Jibi ba, gurasar nan da Fada ke rabawa. Kafin a sa albarka ya ɗauki hularsa ya fice.

Tafinta ba ta iya fushin ɗaka ba. Ta tare Fada a ƙofar ɗakin sa riga, ya ce shawarar majalisa ce, a yi haƙuri, za a duba. Ta je wurin shugabar zumuntar mata, ta ce za a sa abin a addu'a. Tafinta ta ce mata addu'a ba ta jan benci, mutum biyu ne ke jan sa, kuma tana da su. Sati biyu ana yi mata gobe, jibi, Auta kuwa bai sake leƙowa ba, kurame suka koma biyar, suka koma biyu. Ran Laraba ta uku da yamma ta tura ƙofar ɗakin taron majalisa ba tare da an gayyace ta ba.

Ta ce minti biyu take so. Da aka ba ta, sai ta zagaya bayan kabad ɗin littattafan waƙa ta tsaya inda ba mai ganinta, ta yi shiru. Suka jira. Wani ya yi gyaran murya, Ciyaman ya ce ai ana sauraronta. Da minti biyun suka cika ta fito.

“Na gama karanta muku bisharar Lahadi da hannu,” in ji ta. “Wa zai maimaita mini ko layi ɗaya?”

Daga nan ta buɗe baki, kuma ta wanke su tas. Ta ce sun sayi kyamara don neman wanda ke wata ƙasa kwance kan kujera, sun kori wanda ya hau mota biyu ya zo. Ta ce shekara goma sha huɗu suna wuce mutanen nan, a cikinsu ba mai iya yi musu ko barka da asuba. Fada ya sunkuyar da kai, don shi kam yana da kunya. Aka amince a matsar da dandamali taku uku, a mayar da benci. Taku uku kacal, abin da tun farko ba zai ci minti biyar ba.

Washegari ta nufi shagon Auta da saurinta. Ta same shi yana goge ƙafar tebur, ta buga katakon ya ɗago, ta ba shi labari hannuwanta har suna sarƙewa. Ya bari ta gama. Ya ajiye abin gugar, ya karkaɗe tafinsa a wando.

“Yaya,” ya ce da hannu, a hankali, “duk shekarun nan na ɗauka sun sa mu gaba ne don sun gane. Ashe wurin ne ba mai so.”

Ta ce ai yanzu sun gane. Ya girgiza kai. Ya ce ita suka ji, don tana da murya. Ciyaman ya san hanyar shagon nan ranar da yake son katako, to hanyar ba ta canza ba. Ya ce sauran kuramen a shagon nan suke taruwa yanzu ran Lahadi, su jingine waya su kalli bakin Fada yana motsi. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta tuna masa da mahaifiyarsu da ke goya shi zuwa cocin nan. Ya ɗauki abin gugarsa ya kawar da ido, kuma kurma in ya kawar da ido magana ta ƙare.

Ran Lahadi ta tsaya a wurinta, bencin na gabanta fayau. Ta fassara Misar daga farko har ƙarshe, tana duban kyamara, ko Allah zai sa yana kallo. Haushi ya ƙara wa hannunta ƙarfi, ba ta taɓa yin fassara mai kyan ta ranar ba.

Ana tashi Ciyaman ya taho har yana tuntuɓe, waya a hannu. Masu kallo sun ninka uku, in ji shi, kowa yabon mai hannun nan yake yi, an ce cocinmu ba ya barin kowa a baya. Daga yau nan ne wurinta, za ma a ɗinka mata riga mai launin labulen bagade. Bencin ne dai bai yi kyau a hoto ba da yake ba kowa, amma za a jera tukwanen fure a kai.

Ta tambaye shi ko har yanzu yana tune da hanyar shagon. Ya ce ayyuka sun yi yawa wannan satin, ta dai gaishe masa da shi.

Lahadin da ta biyo baya Tafinta ta wuce ƙofar coci ba ta ko waiwaya ba. A shago ta tarar da su tara zaune kan bencin da ba a gama ba, waya jingine da gwangwanin fenti. Auta ya dube ta, ya miƙe ya jawo wani guntun katako kusa da wayar, ya koma wurinsa ya auna da ido, ya sake matsar da shi kaɗan. Ta hau ta ɗaga hannu. A cikin wayar furanni sun yi kyau a bencinsu.

Da Fada ya ɗaga gurasa suka durƙusa cikin garin katako, su tara a tare, kan lokaci. Sai jama'a suka fara layin karɓar Jibi a cikin wayar. Tafinta ta sauke hannuwanta, don wannan wurin ba shi da fassara. Auta na nan a durƙushe, tafinsa ɗaya bisa ɗaya kamar yadda ya saba, yana kallo har layin ya ƙare.