Inci Uku a Ƙofar Kumbo

Shekara huɗu Vernon Hatch ya yi yana ƙera ƙofar nan, har abokansa ke cewa da mace ce da tuni ya aure ta. Tsohon kafinta ne. Shi da abokan suka samu wani sito a bayan garinsu a Ohio, suka gina cikin kumbon sararin samaniya na shirin talabijin ɗin da suka tashi da kallonsa, wanda aka rufe shekara hamsin da suka wuce ba a ƙarasa labarin ba. Su ke ƙarasa shi duk Asabar, suna ɗauka da kyamara, suna sa wa 'yan'uwansu masoya a intanet. Dokarsu ɗaya ce, komai sai ya yi daidai da na asali. Vernon kuwa a kan dokar nan ko uwarsa ba ya ragawa. Tsayar da hoto yake yi, ya kara ma'auni a gilashin talabijin, ya yi ta lissafi. Da haka ya gano faɗin ƙofar inci ashirin da shida ne cif.

A kashin ƙarshe na tsohon shirin, likitar kumbon ta fita ta wannan ƙofa, ta ce yanzu za ta dawo. Shi ke nan, aka rufe shirin. Matar da ta fito a likitar, Madam Odessa Whitlock, tana raye, shekararta tamanin da shida. Sai da suka aika wasiƙa ta fi ashirin kafin ta yarda ta zo ta shigo ta ƙofar a ɗauka.

Da hantsi ta iso, a keken guragu. Ba wanda ya gaya musu ɓarin jikinta ya shanye. 'Yarta Corinne ke tura ta, fuska ba walwala.

"Awa ɗaya gare ku," in ji Corinne. "Daga nan gajiya take yi, ba ta gane kowa."

Aka sa mata rigar likita, aka kunna fitilu. Mutum biyu a bayan bango suka ja igiya, ƙofa ta buɗe sumul. Vernon ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Sai ƙwas! Tayoyin keken suka daki katako hagu da dama. Inci uku kacal suka hana.

Darlene Kuzma, daraktarsu, ko waiwaye ba ta yi ba. "Vernon, ɗauko zarto."

"Zarton me?"

"Na yankan kanka. Na ƙofa mana, dattijo!"

"Haba Darlene! A fara ɗauka tana ciki mana."

"Shekara hamsin mutane na jiran ta shigo, ka ce a tarar da ita a ajiye kamar buhun dankali?"

"To masu kallo fa? Tsayar da hoton za su yi su auna."

"Su wa? Duk faɗin Amurka kai kaɗai ne mai wannan ciwon."

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Madam Odessa ta ɗaga hannunta mai lafiya ta yafito shi. Ya durƙusa gaban keken da ladabi, don matar nan hotonta na manne a bangon ɗakinsa tun yana ɗan shekara tara.

"Ɗana, kai ka gina wannan?" ta ce, harshenta na nauyi. "Ya fi namu kyau. Amma ka hanzarta. Tun a mota nake nanata maganar da zan faɗa, ina jin tana zille mini."

"Yanzun nan, ranki ya daɗe."

Ya je ya ɗauko zarton. Wallahi ya ɗauko shi, har ya ɗora haƙoran a kan fentin da ya yi wata bakwai yana haɗa launinsa. Sai hannu ya ƙi. Zuciya ta ce masa ai akwai hanya, a kwance gefen ƙofar ta baya, ƙusa bayan ƙusa, a mayar daga baya ba wanda zai sani.

"Minti goma," ya ce.

"Vernon!"

"Na ce minti goma!"

Shi da ya ɗaure katakon don kada ya taɓa motsi, ai ya san minti goman nan ƙarya ce. Ƙusa talatin da biyu ce, kowacce ya toshe kanta ya shafe da fenti. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Yana jin Darlene na kai wa tsohuwar kofi, tana jan ta da hira, muryar tsohuwar na ƙara yin ƙasa. Bai ɗago ba. Da katakon ya fita a hannunsa ya juyo da murna, sai ya ga an kashe fitilu. Rigar likita na ninke a kan kujerar kyaftin ɗin kumbon.

Ya fita da gudu. Corinne ta riga ta saka uwarta a mota, tana naɗe keken.

"Don Allah, minti biyar! Ta buɗu!"

"Ba ma dawowa," in ji Corinne, ba tare da ta dube shi ba.

Madam Odessa ta leƙo ta taga, idanunta na yawo a fuskokinsu. "An ɗauka? Na shigo?"

Darlene ce ta matsa ta riƙe mata hannu. "Kin shigo, ranki ya daɗe. Kin yi kyau."

Tsohuwar ta yi murmushi, motar ta tashi. Darlene ta wuce shi ta yi tafiyarta. Vernon ya koma ciki, ƙusoshin na damƙe a hannunsa. Gefen ƙofar na jingine da bango, ko ƙwarzane babu.