Ka Juya Wajen Sharif

Kiran ya sake shigowa daidai lokacin da ɗan gaban Jega ya yanke mai tsaron bayan Aliero ya doshi raga. Hoton ya tsaya cak, sunan Munira ya rufe fuskar wayar. Muhsin ya katse da sauri har sandar da ya ɗaura wayar a kai ta yi tangaɗi.

"Haba matar ga," ya ce ƙasa-ƙasa, ya manta cewa duk masu kallo suna jin sa.

Muhsin malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Jega, shi ne kuma mai haska wasannin makarantar kai tsaye a shafinta. Mutum ne mai son doka har ya gundure ka. Sai ya sanar da rana da lokaci tun da mako, sai ya je fili tun jajibiri ya gwada inda sabis ke kamawa, kuma bai gajiya da faɗa wa mutane cewa wayar haskawa daban, wayar amsa kira daban. Yau ga mai dokar da kansa a filin Maiyama, ranar wasan ƙarshe, tsaye a kan tarin bulo da waya guda tak, layinsa a ciki. Ɗayar wayar tana Jega, a jingine da matashi a ɗakin Baba Bature.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Muhsin da na Baba Bature. Tsohon dillalin albasa ne, ya ƙare ƙarfinsa tsakanin kasuwar Aliero da manyan motoci, kuma a wurinsa ƙwallo aikin marasa aiki ne. Autansa Sharif shi ne golan makaranta, amma safar hannunsa a gidan Muhsin take kwana don gudun faɗa. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da tsohon, ƙafafu suka kumbura, asibiti suka ce a koma gida a ci gaba da magani, sai ya yi laushi. Ran nan Muhsin ya shiga duba shi, tsohon ya kama masa hannu.

"Malam, an ce yaron ga shina kama ƙwallo?"

"Shina kamawa ƙwarai, Baba."

"To ni ban taɓa gani ba. Ina son in gan shi cikin ragar nan tashi, kamin..." Sai ya bar zancen, ya juya ido wajen rufi.

"Za ka gan shi, in sha Allahu. Ni naɗ ɗauki wanga alkawari."

Shi ya sa ya bar musu wayarsa ta biyu, ya koya wa matarsa Munira inda za ta taɓa, ya ce ta zauna da Inna Rabi, matar Baba, har a tashi wasa.

Yanzu kuma ita Munirar ce ke neman ɓata komai. Duk kira ɗaya sai hoton ya daskare, masu kallo su zube, a ƙasa kuma saƙonni su yi ta gudu: mai haskawa ya yi barci ne, a ba wani wayar mana. Muhsin ya san ba ta da rigimar banza. Ya kuma san abin da kiran zai iya zama. Amma in ya ɗauka shirin zai yanke gaba ɗaya, tsohon ya rasa abin da yake jira. Ya cije, ya toshe shigowar kira, ya ci gaba da bin ƙwallo kamar yadda aka saba.

Jega ta danne wasan tun farko. An je hutu an dawo, ƙwallo ba ta bar gidan Aliero ba, ci ne kawai ya ƙi zuwa. Muhsin yana juya waya hagu da dama, yana share zufa da kafaɗa, yana ma jin daɗin cewa tsohon na ganin makarantar ɗansa da ƙarfinta.

Rana ta fara ja lokacin da idonsa ya faɗa kan wani saƙo mai ɗauke da sunansa da hotonsa. Ya ɗan ruɗe kafin ya tuna cewa wayar da ya bari a Jega da sunansa take shiga shafin. Munira ce ta rubuto.

"Malam ka juya wajen Sharif. Tun da anka hwara bai gan shi ba. Numfashi ya canza."

Wasu saƙonnin suka ture shi sama ya ɓace. Muhsin ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ashe abin da take ta kira ta faɗa ke nan. Shi yana can yana bin ƙwallo, ƙwallo kuwa ba ta je wurin Sharif ba ko sau ɗaya, tsoho yana kwance yana kallon 'ya'yan mutane. Haushin kansa ya kama shi.

Ya juya wayar. Daga kan bulon, Sharif ɗan ɗigo ne a can ƙarshen fili, ko mai lafiyar ido sai ya ƙura. Ya gwada jawo hoton kusa, komai ya dagule. Babu wata hanya sai ya sauka, kuma jiya ya zagaye filin nan kaf, nan kaɗai sabis ke tsayawa da ƙafarsa. Ya tsuguna ya ciro wayar daga sandar, ya diro.

"Malam Muhsin! Ina za ka?" Madam Elizabeth ce, shugabar makaranta, ta miƙe daga ƙarƙashin rumfa da tata wayar a hannu. "Iyaye suna kallo fa! Ga ƙwallo can!"

"Ki yi haƙuri, Madam, zan yi bayani."

Ya bi gefen layi yana ratsa 'yan kallo, waya a sama, idonsa a kan alamar sabis. Ta ragu. Ta sake raguwa. Hoton ya fara tsalle-tsalle, yana tsayawa yana tafiya. Muhsin yana tafe yana ambaton Allah a fili, bai damu da wanda ke ji ba. Kusa da kusurwar fili akwai wani tsohon suri, ya haye kansa ya miƙa hannu iya tsawonsa, sai hoton ya daidaita.

Ga Sharif nan cike da fuskar wayar, riga ruwan ɗorawa, hannu a ƙugu, yana tsaye shi kaɗai ba aikin komai.

A bayan Muhsin fili ya ɗauki ihu. Jega ta ci. Babu wanda ya ga cin a shafin, saƙonni kuwa suka ɓarke da zagi, har da masu cewa an saye shi. Bai waiwaya ba.

"Sharif!" ya ƙwala. "Sharif! Baba na kallon ka!"

Sharif yana cikin tsallen murna ya tsaya. Ya dubi Muhsin, ya dubi wayar. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar zai yi alama, sai ya fasa. Ya cire safar hannun dama, ya rusuna a bakin raga har gwiwa ta taɓa ƙasa, irin gaisuwar da yake yi wa mahaifinsa kowace safiya a ƙofar ɗaki. Yaran da ke bayan raga suka fashe da dariya. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya koma tsakiyar ragarsa.

Muhsin ya riƙe wayar a haka. Kafaɗarsa ta yi tsami, ya tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun. Masu kallo suna ta ficewa. Shi dai sunansa yake nema a cikin saƙonnin, har ya zo.

"Ya isa hakanan. Ku taho gida."

Bai sauke hannun ba sai da alƙalin wasa ya hura tashi. Ya rufe shirin, ya buɗe layi, ya kira ta.

"Yag gan shi?"

Kuka yake ji a bayanta. "Ku dai taho, Malam."

Ya ratsa cikin masu murna ya jawo Sharif gefe. "Jikin Baba ya ɗan tashi. Bari kofin nan, hau mu tahi." Sharif ya dube shi, ya hau. Har suka iso Jega a kan babur Muhsin yana jin goshin yaron a bayansa.

Da safe aka kai Baba Bature. Bayan an dawo daga maƙabarta Muhsin ya shiga ciki yi wa Inna Rabi gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Tambayar tana bakinsa, kunya da tsoro sun hana ta fita. Ita ce ta ɗago.

"Ya gan shi, Malam. Da farko mun zaci bai gane ba. Sai da yaron yad duƙa, sannan yac ce, 'Ashe ya yi tsawo haka.' Ita ta maganatai ta ƙarshe, sai kalmar shahada."

Muhsin ya sunkuyar da kai, hawayen da ya riƙe tun Maiyama suka zubo.

Da ya fito, Sharif yana zaune a ƙarshen tabarmar zaman makoki, nesa da manya. Ya miƙo hannu, Muhsin ya ba shi wayar. Ya nemo shirin jiya, ya wuce wasan duka, ya kashe sautin. Ya ɗora wayar a cinya yana kallon kansa tsaye a bakin raga, yana gyara safa, yana leƙen can inda ake wasa.